Ƙararrawar Tussa Ta Yi Shiru

Folldal, 12 ga Satumba, 1984

Zuwa ga ƙanwata Gunvor,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙarin haƙuri? Matata Magnhild tana gaishe ki.

Maganar Tussa ce, karyar mijinki marigayi Halvard da kika aiko in horar. An buɗe farautar makwarwar dutse shekaranjiya, na hau dutse da ita. Hanci dai akwai, ban taɓa ganin irinsa ga kwikwiya ba. Amma abin da take yi ya ɗaure mini kai. Ke matar maharbi ce, kin san aikin: kare ya shinshino tsuntsaye, ya daskare a wurin, ƙararrawar wuyansa ta yi shiru, har mai bindiga ya iso. Ita kuwa sai ta ɗan tsaya, ta bar su ta dawo a guje tana jan hannun rigata. A gaban maƙwabcina Oddmund ta yi mini haka, na rasa inda zan sa fuskata. Karen da ke barin tsuntsaye tsoronsu yake ji, kuma a garin nan irinsa ba ya ganin hunturu na biyu.

Magnhild ta ce, "Kai dai tsufa ya ƙara maka masifa, yarinya ce, wasa take so." Na ce mata dutse ba filin wasa ba ne. Na sa wa Tussa doguwar igiya. Duk sanda ta juyo sai in fizge ta, in murɗe kunnen, in mayar da ita inda ta baro. Kada ki damu, zan gyara miki ita.

Ki huta lafiya.

Yayanki, Eilif

Trondheim, 16 ga Satumba

Yaya Eilif,

Ina gaishe ka da Magnhild. Na karanta wasiƙarka. Don Allah ka cire mata igiyar nan yau.

Ba tsoro take ji ba, kiran ka take yi. Da ƙafafun Halvard suka gaza, ya san ba zai ƙara bin ƙararrawa ya haye tudu ba. Sai ya koya mata abin da tsofaffi ke kira kai rahoto: ta gano tsuntsaye, ta janye a hankali ba tare da ta tashe su ba, ta zo ta ja shi, ta kai shi da irin tafiyarsa. Duk bazara suna filin bayan gidanmu da tattabaru a keji, shi da sandarsa, yana haki. Ranar da ta fara yi daidai ya shigo yana dariya, ya ce, "Gunvor, 'yar nan ta fi ki haƙuri da ni." Bai kai buɗe farauta ba.

Ban faɗa maka ba don na ɗauka kai da ka tsufa a dutse kallo ɗaya zai ishe ka. Abu na ƙarshe ke nan da ya gina da hannunsa, kai kuma kana murɗe mata kunne a kai. Raina ya ɓaci, Yaya, ba zan ɓoye maka ba.

Sai na ji daga gare ka.

Gunvor

Folldal, 19 ga Satumba

Gunvor,

Ina gaishe ki. Wasiƙarki ta iso da safen nan, Tussa kuwa tun jiya tana kan dutse ita kaɗai.

Na san ana kai rahoto, amma tsohon kare na taɓa jin ya yi, ban kawo wa kwikwiya ba. Horon ya kama ta, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ta daina dawowa sam, har na cire igiyar na cika wa Oddmund baki, na ce ya zo ya ga aikin gwani. Jiya da la'asar ta haye tudu, hazo ya sauko lokaci guda, ƙararrawa ta yi shiru. Na busa usur har leɓena ya tsage. Na tabbata tana ji na, Gunvor. Tana tsaye kan tsuntsaye a wani wuri, kuma ni na koya mata cewa zuwa wurina duka ne.

Oddmund ya karanta wasiƙarki a bakin ƙofa, ya dube ni ya ce, "Eilif, an ba ka karyar da ke neman mutum, ka mayar da ita wadda ake nema." Maza sun taru, yanzu za mu koma. Dusar ƙanƙara ta fara sauka a sama.

Ki yi mana addu'a.

Eilif

Folldal, 23 ga Satumba

Gunvor 'yar'uwa,

Magnhild ce, ina gaishe ki. Yayanki ya ce in rubuta, shi ya kasa.

An same ta da rai. Tana kwance cikin ƙananan itatuwa, sanyi ya kama jikinta, ga sawun takalmin Eilif na ranar da ta ɓata kusa da ita ƙwarai. Ya wuce ta yana kira, ba ta motsa ba. Oddmund ne ya sauko da ita a kafaɗa.

Tana cin abinci daga hannuna, ƙafafunta da suka sandare ma sun warware. Amma da Eilif ya shigo ɗaki sai ta miƙe ta daskare, jiki na rawa, ba ta zama sai ya fita. Ki zo ki ɗauke ta, Gunvor. Tun ranar a rumfar itace yake cin abincinsa, don ta samu ta kwanta.

Ki sauka lafiya.

Magnhild