Akwatin Bakwaini

Assalamu alaikum Auta,

Ina fatan kana lafiya, ya ƙarin haƙurinmu? Yara suna gaida baffansu.

Takardarka ta iso. Sau uku na karanta, inda ya fi ƙarfina sakatariya ta warware mini. Abin da na gane shi ne babban kamfanin nan yana son sayen masana'antar yayanka, kai kuma ka amince. Ni ban amince ba.

Shekara goma sha ɗaya yana ƙera akwatin ɗumama bakwaini a nan, mutum tara suna ci a ƙarƙashinsa. Har yau in na ji ƙarar walda sai in ɗaga kai in ga ko shi ne. Na tambayi wakilin kamfanin me za su yi da ma'aikata. Ya ce, "Hajiya, sunanku da jerin asibitocinku kawai muke so." Ka ga rufewa za su yi ke nan.

Ranar Laraba asibitin haihuwa zai gwada akwatinmu da na kamfanin. Ka bar ni in je.

Ka huta lafiya,
matar yayanka.

*

Wa'alaikumus salam Matar Yaya,

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya raya abin da ya bari.

Kin san ba na ƙin ki da alheri, amma gaskiya ɗaya ce. Nasu yana da allo mai nuna zafin jikin jariri, ya fi namu araha, kuma suna da wakilai ko'ina. Namu kamar tsohon firji yake. Asibitoci don Yaya suke saye, yanzu kuwa babu shi. Idan kika faɗi ranar Laraba, ko sunan ma ba za su ƙara tayawa ba. Ki sa hannu tun da sauran daraja.

Ke da ko ƙwan fitila sai an canza miki, me za ki ce wa likitoci?

Naki,
Auta.

*

Assalamu alaikum Auta marar kunya,

Gaisuwa mai yawa. Na je, ni da Mai Walda, babban ma'aikacinmu.

Ba ka yi ƙarya ba. Da aka jera su, namu abin tausayi ne. Wakilinsu ya yi bayani kamar rediyo, ni kuwa da aka ce in yi magana sai kawai na ce, "Ga shi nan dai."

Sai shugabar nas-nas, wata dattijuwa, ta naɗe tawul kamar jariri, ta rungume shi da hannu biyu. Ta tsaya gaban nasu. Ƙofarsa sai an danna maɓalli biyu a lokaci guda. Ta dubi wakilin ta ce, "Ɗana, a ƙasa zan ajiye jaririn, ko kai za ka riƙa zuwa kana buɗe mini?" Ta matso namu, ta taɓa da gwiwar hannu, ya buɗe.

Ta ce mini yayanka ya yi sati uku a kan bencin ɗakinsu, ba ya komai sai kallon hannuwansu, kafin ya zana ƙofar nan. Auta, ina tuna lokacin. Har fushi na yi da shi, na ce ya tare a asibiti. Na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Ba mu cinye duka ba. Ɗakin masu tsanani sun ɗauki nasu saboda allon. Ɗaki biyu sun ɗauki namu, da alkawarin in ya lalace mu zo a ranar.

Ga abin da na yanke. Manyan asibitoci na bar musu. Ƙanana, inda nas ɗaya ke fama da jarirai goma, su zan bi. Na riga na yi kwana biyu a kan bencin da yayanka ya zauna. Amma allo ya fi ƙarfinmu, kai ne ka yi karatunsa. Ba zan sa hannu ba. In za ka sayar da rabonka, ka faɗa mini da bakinka.

Matar yayanka.

*

Matar Yaya,

Na ce wa kamfanin su haƙura. Ina tafe ranar Asabar. Ki ce wa Mai Walda ya ware mini akwati ɗaya, kada kuma ya taɓa wayoyin sai na zo.

Auta.