Rawar Hannun Auta

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Tunda kunnenki ya daina shiri da waya, na koma takarda.

Maganar Auta ce. Sau uku ke nan a watan nan ana kirana daga makarantarsu. Wajen sha ɗaya na safe sai hannunta ya kama rawa, zufa ta karyo mata, ta ce zuciyarta za ta fito. Jiya na bar firijin mutane da nake gyarawa a buɗe a shago na ruga. Na same ta a ofishin shugabar makaranta, an ba ta lemon kwalba, har tana dariya. Shugabar ta ce fargabar jarrabawa ce. To, jarrabawa sai nan da wata huɗu. Uwarta ta ce girma ne, shekara sha shida. Na tambayi yarinyar me take tsoro, ta ce, "Ni ma ban sani ba, Baba."

Ni ma kaina ba daidai yake ba. Tsinkayen da ake ɗiga wa jini a na'urar awon sugana suna ƙarewa kafin lokaci. Ko ina gwadawa sau biyu ne ina mantawa?

Ƙaninki.

*

Dogo,

Na amsa gaisuwa. Kunnena lafiyarsa lau, ku ne ba ku iya magana ba.

Ka cika min takarda ba ka faɗi abin da na fi son ji ba. Me take ci da safe? Shekara talatin na yi ina dafa wa ɗalibai abinci, na ga masu faɗuwa a layi iri-iri, yawancinsu ciki ne babu komai. Kada ka ce min tana ci. Ka gani da idonka? Uwarta na fita aiki tun shida, kai kuma na san ka, kanka na cikin akwatin kayan aiki. Ka ce ta rubuto min da kanta.

Yayarka.

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Don Allah wannan tsakaninmu ne.

Tun ranar da na shiga kicin na ga Baba a ƙasa, kofin shayi ya fashe a gefensa, aka ce ciwon suga ne, nake jin ni ma yana nan yana jirana. Wata a ajinmu ta ce gadonsa ake yi. Shi ya sa na daina cin burodi da shinkafa. Da safe ruwan zafi nake sha, in ɗan ɓata faranti don kada a gane. Idan rawar ta zo sai in sha lemo, ta lafa, sai kuma tsoro ya kama ni cewa na sha suga, sai in ƙi cin na rana.

Ni ke ɗaukar tsinkayen Baba. Ina gwadawa a banɗakin makaranta. Abin da ya rikita ni, sugansa sama yake tafiya, nawa kuma ƙasa. Ranar Talata sittin da huɗu na gani. Ashe ba abin murna ba ne? To me ya sa nake jin kamar zan mutu? Kuma Gwaggo, wanne ke fara zuwa, tsoron ko rawar? Na kasa rabewa.

'Yarki, Auta.

*

Dogo,

Gaisuwa a taƙaice. Auta ta rubuto, ta ce in riƙe mata sirri, zan kuma riƙe. Abu biyu kawai zan ce. Kanka ƙalau yake, ba mantuwa kake yi ba. Na biyu, ka kama hannun 'yarka ka dubi kan yatsunta da kyau, sannan ka kai ta wurin likita. Idan ka yi mata faɗa, ni da kai ne.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina fatan kin tashi lafiya. Na duba. Duk yatsun huji ne ƙanana irin nawa. Ban yi faɗa ba. Ita ta fara kuka, ta ce, "Zan saya maka wasu tsinkayen."

Likita ta yi mata gwaji ta ce ba ta da ciwon suga. Ta ce idan mutum ya zauna da yunwa, sugan jininsa ya yi ƙasa, jiki kan yi rawa, zuciya ta yi ta bugawa kamar an tsorata shi, lemo kuma ya ɗaga shi ya sake yar da shi. Ta ce ta riƙa cin ƙwai ko wake da burodi da safe, ta tafi da gyaɗa ko ayaba. Na ce alhamdu lillahi, yunwa ce ashe. Sai likita ta ce, "Yunwa na ciki, amma ba ita ta hana ta cin abinci ba." Ta haɗa mu da wata mai sauraron damuwar yara.

Ga inda na tsaya, Yaya. Ni an ce in rage, ita an ce ta ƙara, a kan tebur ɗaya. Ina ɗaukar cokali idonta na kaina, tana ɗauka nawa na kanta. Uwarta ta ce mun mai da cin abinci zaman kotu. Wata takwas ina ɓoye mata halin da ciwona yake ciki don kada ta damu. Yanzu ban san ko in ci gaba da ɓoyewa ba, ko in faɗa mata komai.

Ƙaninki.

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ina cin abinci, rawar ta ragu sosai. Amma ranar Laraba rawar ta dawo, alhali na ci ƙwai biyu. Baba ya zo da kayan aikinsa a jiki, muka zauna a benci bakin ƙofar makaranta. Ban san lokacin da na ce, "Baba, mutuwa za ka yi?" ba.

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Wata rana, kamar kowa. Amma likitana ya ce in na kiyaye, sai na gaji da tsufa. Ranar Litinin ki raka ni ki tambaye shi da bakinki."

Zan je. Sai dai lokacin da yake faɗa yana ta jan kunnensa na hagu. Ke kika goya shi, Gwaggo. Haka yake yi in yana faɗin gaskiya?

'Yarki, Auta.