Hannuna Ya Fara Rawa

Assalamu alaikum Baba,

Allah Ya kai haske kabarinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, amma wa zan faɗa wa in ba kai ba?

Gida lafiya. Matar ɗan'uwana Sadisu ta sauka, an yi maka takwara. Ni kuma ina nan Harlem, ina aikin gyaran tsofaffin zane-zanen takarda da kake yi mini tsiya a kansa, wai na haye teku don in zama mai wankin takarda.

To, wankin ne ya zo. An kawo mana wani zane na ƙasar Holand, ya haura shekara ɗari uku. Bukkoki ne masu rufin ciyawa, shanu a bakin rafi, wata mata tana ɗiban ruwa. Da alƙalami aka zana shi, sannan aka tsinka tawadar da ruwa aka yi masa inuwa. Da na gan shi sai da na yi dariya, ƙauyenmu sak, har da kare mara aikin yi. Tawadar ma irin taka ce ta bagaruwa, wadda kake cewa in ta tsufa cin takarda take yi. Ta fara ci. Ranar Litinin ni zan tsoma shi a ruwan magani, in ɗago shi a jiƙe. Jiƙaƙƙiyar takarda ba ta ɗaukar kuskure, kuma babu na biyunsa a duniya.

Baba, hannuna na dama ya fara rawa.

Wata huɗu ke nan. Daga babban yatsa ya soma, yadda naka ya soma. A jirgin ƙasa nakan cusa shi a aljihu, a wurin aiki in ce sanyi ne. Ban je asibiti ba, ban gaya wa shugabarmu ba. Tsoro nake ji, har abinci ba ya shiga.

Ka tuna ranar da ka ɓarar da tawada a shafin Alƙur'anin da ka kwana uku kana rubutawa? Na yi tsaki, na ce ai sai ka riƙa lura. Kai dai ka goge tabarma. Ashe kana lura, hannun ne ya ƙi. Shekara nawa ka yi kana ɓoye mana? Tun ranar ba ka ƙara ɗaukar alƙalami ba, ni kuma ban taɓa tambayarka dalili ba.

In na faɗa za su karɓe zanen, wataƙila har da aikin, kuma ban iya komai ba sai shi. In na yi shiru, ƙila ya yage a hannuna. Yaya ka yi ka iya ajiye alƙalamin, Baba?

Gobe zan shiga ofishin shugabarmu in ɗora hannun a kan tebur, ta gani da idonta. Ban san abin da zan zama ba in na fito.

Ka yafe mini tsakin nan. Sai mun zo.

'Yarka,
Bilkisu