Kusurwar da Kaka Take Sharewa

Runjin Sambo, Sakkwato

Zuwa ga Anti Talatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da mutanen gida. Ni ce Bahijja, ɗiyar Na'Allah mahauci, mu da ƙungiyarku ta ba ɗakuna bayan ruwan sama ya rushe gidanmu na Ƙofar Dundaye. Na rubuto ne saboda in na tsaya gabanki bakina ba ya buɗewa.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Ba ciwon kai ke hana ni zuwa ajin da kuka sa ni ba. Kaka ce. Da Baba ya tafi mayanka, Umma ta fita markaɗe, sai Kaka ta yafa mayafi ta fice, ni kuma in bi ta a baya. Tsohon gidanmu take zuwa, a ƙafa. Ba abin da ya rage a wurin sai bango ɗaya, shi ma ya tsage har ana hango gidan maƙwabta. A gindinsa take duƙawa ta share wata kusurwa, sannan ta zauna.

Da na tambaye ta sai ta ce, “Ke ɗiyar ga, nan anka binne cibiyar ubanki, nan ta Arzika. In ban zo ba, wa ka share musu?” Arzika ƙanin Baba ne, ya rasu tun kafin a haife ni.

Baba ya taɓa cewa in ta riƙa yawo zai kai ta ƙauye wurin Goggo. Can asibiti da nisa, kuma ba na so a raba mu. Bangon ma yana ba ni tsoro. Don Allah kada ki faɗa masa.

Na gode, ki huta lafiya.
Bahijja

*

Bahijja 'yata,

Ina gaishe ki, ki gaida mini Kaka da Ummanki. Na ga takardarki a cikin jakata. Yarinya mai rubutu haka ta bar mini kujera ba kowa, ai da haushi!

Na je wurin tare da Malam Junaid, maginin ƙungiya. Da hannu ɗaya ya taɓa bangon, ƙasa ta zubo mana. Ya ce bangon ba zai ga ƙarshen damina ba. A shirye muke mu sauke shi ranar Asabar, amma filin na babanki ne, sai da izininsa. Ba zan iya ɓoye masa wannan ba. Na dai fi so ya ji daga bakinki kafin nawa.

Ga wata shawara. Mu ma a garinmu, can kudancin Kaduna, muna binne cibiya, don haka na gane abin da ke ran Kaka. Ki ɗebo ƙasar kusurwar a kwano ki kai mata ɗaki, ko hankalinta zai kwanta.

Allah ya kiyaye ku.
Antinki, Talatu

*

Anti,

Ina gaisuwa. Na yi yadda kika ce, amma abin bai tafi daidai ba.

Na ɗebo ƙasar na ajiye a bakin ƙofar Kaka, na je ɗebo ruwa. Kafin in dawo Umma ta ɗauka yashin wanke-wanke ne, tana ta goge gindin tukunya da ita. Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Baba yana zaune yana wasa wuƙaƙensa, ya ce, “Lafiya? Wa ya mutu?” Dole na faɗi komai, ina kallon ƙasa.

Kaka kuwa dariya ta yi har da tari. Ta ce, “Ke da Antin taki! Cibiya tuwo ta, da za a ɗebo mini a kwano?”

Baba bai yi dariya ba. Ya ce mata, “Inna, kin san bangon ga na iya kashe ki?”

Ta ce, “Na sani. Kai ka taɓa leƙawa tun da munka taso?”

Ya ci gaba da wasa wuƙar. Can ya ce in gaya miki a sauke bangon, ya gode. Amma ya ce ko babu bango akwai titi, akwai keke da babura, shi kuma yana mayanka, ba zai iya gadinta ba. In ta sake fita, ƙauye. Har ya sa Umma ta ɗaure mata kaya. Kaka ta ce sai dai ita ma a ɗaure ta.

Kada ki ji haushin maganar kwanon, Anti. Tun da muka dawo nan ban ji dariyarta ba sai ranar.

Bahijja

*

Anti,

Barka da aiki. Mun gode, an sauke bangon. Malam Junaid ya jera bulo ya kewaye kusurwar, ko da yake ban roƙe shi ba.

Jiya da Kaka ta ɗauki mayafi, na riƙe gefensa. Na ce ta zauna, ni zan riƙa zuwa kullum bayan an tashi aji, in share, in dawo in ba ta labari. Ta daɗe tana kallona. Ta ce, “Kin san wurin dai?” Na ce na sani. Ta ce, “To ki fara da na Arzika, shi ba shi da kowa.” Sai ta ninke mayafin ta zauna.

Ban yi shawara da kowa ba. Kayanta suna nan a ɗaure, amma yau ma ba ta fita ba, kuma Baba ya gani.

Gobe zan zo aji. Don Allah ki ba ni kujerar kusa da ƙofa, saboda in riga kowa fita.

Taki,
Bahijja