Wuri a Gefen Hoto

Gadarif, damina 1996

Yaya Sharu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali, yaya zafin Hartum? Mu nan lafiya lau, sai laka da ta hana mu sakat.

Ga hotunan da ka ce lajna, wato kwamitin baje kolin sana'o'in hannu, tana nema kafin ta ba mutum tebur. Na sha wuya a kansu wallahi. Na kwaso kayana kaf zuwa bayan rumfata a suk, wato kasuwa, na wanke azurfar da toka da lemun tsami, na shimfiɗa baƙin tob ɗin marigayiya Inna, mayafinta na fita, a kan angarib, gadon nan na igiya, na jera komai. Munir mai hoto ya zo da azahar, rana ta doki awarwaro har zanensu ya ɓace, sai fari fat. Na ce ya koma ya dawo da sassafe. Ya yi ta gunaguni, amma ya dawo. Ka duba yadda 'yan kunne suka fito, da sarƙoƙin wuri a gefen dama. Na daɗe ina yi wa matan garuruwan Fau da Basunda ado, ina so Hartum ma ta ga aikin hannuna.

Ka gaida Ummusalama da yara.

Ƙanwarka,
Atine

*

Zuwa ga ƙanwata Atine,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, amin.

Hotuna sun iso, kuma sun yi kyau ƙwarai. Sai dai akwai magana. Kin sani a nan duk wanda ya ga wuri a hannun Bahaushiya cewa zai yi 'yar duba ce. A zamanin da muke ciki ana kai mace gaban alƙali kan abin da bai kai wannan ba. Shawarata ki sake hoton ba tare da sarƙoƙin nan ba. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Allah ya yi mana jagora.

Yayanki,
Sharu

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, amma raina a ɓace yake, gara in faɗa maka.

Duba? Ni da ko mafarkina ban iya fassarawa? Kakarmu da ƙafa ta taho daga yamma za ta Makka, da wuri ɗinke a bakin zanenta, ba wanda ya ce mata bokanya. Inna ce ta koya mini huda bayansa, in zarge shi a jan kirgi tsakanin murjani. Shi ne aikin da babu mai yin irinsa a duk suk ɗin Gadarif. Awarwaro kuwa kowane maƙeri yana yi. In na cire wuri, me na kai Hartum? Kayan kowa.

Kai ka zauna ofis har ka fara jin kunyar abin da aka goye ka da shi. Ni ban fara ba. Ka miƙa hotunan yadda suke, halas, shi ke nan.

A gaida gida.

Atine

*

Ƙanwata Atine,

Sallama da fatan alheri. Albishirinki: lajna ta karɓe ki, an ba ki tebur kusa da ƙofar shiga. Shugabarsu ta yaba baƙin ƙyallen da kika shimfiɗa.

Ba zan ɓoye miki ba, tun da wurin a gefe yake, na sa almakashi na datse wannan gefen kafin in miƙa. Ba wanda ya lura. Don alherinki na yi, wata rana za ki gode mini. Ki taho da azurfa kawai, ɗaki yana jiranki a gidana.

Wassalam,
Sharu

*

Yaya Sharu,

Na gode da ɗaki, Allah ya saka.

Na janyo Munir cikin laka mun sake hoto. Wurin yana tsakiya yanzu, inda almakashi ba ya kaiwa. Lawali direba ya tafi da shi jiya, zai ba shugabar lajna hannu da hannu.

Wadda suka karɓa ba ni ba ce, wata ce da ka yanka musu. In za su soke suna, su soke nawa.

Ka huta lafiya.

Atine