Bikon da Ba Ka Zo Ba

Kurfi, 6 ga Yuni

Baban Nana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da Inna da abokan aikinka na makaranta. Nana lafiyarta ƙalau, kullum tana bakin zaure tana leƙen babura.

Na rubuto ne saboda wayarka a kashe take, ni kuwa ka san ba na kai maganar gidana kasuwa. Yau kwanana goma sha biyu a gidanmu, ba ka zo biko ba, ba ka aiko ba. Har Baba ya fara tambaya ko yaji na yi ko ƙaura.

Wata huɗu ina tuƙa tuwo, kana yin loma biyu ka ture kwano. Na sauya miya, na yi maka dambun zogale, ka zauna kana kallonsa gumi na keto maka kamar mai huɗa. Ka ce olsa ce, ka jiƙa kanwa. Wace irin olsa ce ke hana mutum yi wa matarsa magana, ta zaunar da shi yana kallon bango? Kowace mace ta san namijin da ya mayar da kwano magana yake yi. Goggo Hassana ce ta ce in taho gida, idan ka ji yunwa za ka san darajata. In laifi na yi, ka faɗa mini. Ina kewarka, kuma haushin kaina nake ji a kan haka.

Ka gaida Inna.
Matarka, Mardiya

Kurfi, 19 ga Yuni

Baban Nana,

Assalamu alaikum. Yaya jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Yayanka, Yaya Hudu, ya kawo takardarka daga Dutsin-Ma. Saki ɗaya, da layi guda: wai ka zame mini kaya, ka sauƙaƙa mini. Wa ya roƙe ka?

A bakinsa na ji sauran. Ashe kwana uku da tahowata ka miƙe a gaban ɗalibai, jiri ya kwashe ka, sai asibiti a Katsina. Ya ce likita ta yi musu bayani shi da Inna: akwai jijiyoyin da ke tafiyar da hanji da bugun zuciya da gumi ba tare da mutum ya sa su ba, naka sun rikice. Abinci zama yake yi a cikinka ba ya wucewa, shi ya sa loma biyu ke cika ka. Ta ce ciwon damuwa da wannan lalura tare suke tafiya, ciki na tayar da zuciya, zuciya na tayar da ciki, kuma dukansu ana maganinsu.

Rashin sani ya fi dare duhu. Kana fama da ranka, ni ina fama da miya. Na bar mara lafiya na zo ina jira ya biyo ni da goro. Ka yafe mini.

Na ɗaure kayana, Baba ya hana. Ya ce 'yarsa ba ta komawa gidan da aka miƙo mata takarda sai an nema. Ina cikin idda, Baban Nana. Ba sai ka taso ba. Ka gaya wa Yaya Hudu ka mayar da ni, ranar zan shigo mota.

Ina yi maka addu'a.
Mardiya

Kurfi, 11 ga Satumba

Baban Nana,

Assalamu alaikum. Ina tambayar jikinka, ko da yake amsar tana zuwa mini ta bakin wasu. An ce ka rame, kunu kawai kake sha, magunguna na nan kan taga ba ka taɓa su. An ce da Yaya Hudu ya yi maka maganata hawaye ka yi, ka ce na fi ƙarfin zama da irinka. Ba kai ke faɗar haka ba, ciwon ne. Na sani yanzu, sanin bai amfane ni da komai ba.

Na roƙi Baba har sau uku, na sa liman ya roƙe shi. Kowa ya ce kalma ɗaya ake jira daga wajenka.

Yau da safe na yi wankan tsarki na uku. Idda ta cika. Na daɗe zaune a banɗaki kafin in iya zuba ruwan.

Ranar Juma'a zan kawo Nana ta gan ka. Ita za ta shiga, ni zan tsaya a zaure tare da masu dubiya. Don Allah ka buɗe mata ƙofa.

Allah ya ba ka lafiya. A gaida Inna.
Mardiya