Na Shiga Jirgin Badun, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga ubansa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama inda kake kwance. Ni ne Isufu, ɗanka na fari, wanda ka bari yana aji biyu a lakol, makarantar bokon Filinge. Yanzu furfura ta ci gemuna, na girme ka nesa ba kusa ba. Labarin wata tafiya nake so in ba ka.

Kai ne ka fara gaya mini akwai wani abu wai shi jirgin ƙasa. Kowace kaka kana sayen shanu a kasuwar Abala, ku kora su da ƙafa har Ƙauran Namoda, ku loda su a tarago zuwa Badun. In ka dawo sai ka kwaikwayi kukan jirgin, mu yi ta dariya. Kakan ce, "In ka girma zan tafi da kai ka gani da idonka."

Shekarar da ba ka dawo ba, wani abokin tafiyarka ya kawo sandarka da malafarka, ya ce zazzaɓi ya ɗauke ka. Inna ta yi takaba. Bayan nan sai wata magana ta ɓulla a gari, wai an gan ka a Badun da sabuwar mata, wai ka aiko da sanda ne don a daina jiranka. Inna ba ta taɓa tankawa ba. Ba ta kuma sake aure ba. Da wannan maganar muka girma.

Bana na je Legas sunan jikana, ɗan ɗiyata Balkisa. Mijinta ya ga ina yawan tambayar nisan Badun, sai ya samo mini ɗan jagora, wani Bayerabe mai suna Rasaki da ya tashi a Zariya, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Aikinsa ke nan, ya ɗauki baƙo da safe a jirgi, ya zaga gari da shi, ya maido shi da yamma. Ni kaɗai ne baƙonsa ranar.

Jirgin ba irin naka ba ne, Baba. Kujeru ne masu laushi, ga sanyi har sai da na yafa rawani. Ba warin kashin shanu, ba hayaƙi. Rasaki ya ba ni wajen taga. Daji kore shar, bishiyar kwakwar manja ko'ina, ban ga gonar hatsi ko ɗaya ba. Na yi ta tunanin yadda shanunka na Azawak, 'yan ƙasar rairayi, suka ji da suka ga wannan ƙasa.

A Badun ya hau da ni wata tsohuwar hasumiya a kan dutse. Daga can sama, rufin kwanon gidaje ne mai tsatsa, jawur har iyakar ganin ido. Ya ciyar da ni amala da miyar lalo. Akwai sauran wurare a tsarinsa, amma na ce masa ni Sabo nake son zuwa, unguwar Hausawa, na kuma gaya masa dalili. Sai ya ce, "Alhaji, ai da ka faɗa mini tun a tasha."

Mun yi ta tambaya, ba wanda ya san ka. Masu canji da masu goro duk matasa ne. Bayan azahar wani ladan ya kai mu zauren wani tsoho, Alhaji Shekarau, wanda idonsa ya tafi. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi gajiya, na amsa. Sai ya juyo da kunnensa.

"Wannan baki na Kurfai ne, ƙasar Filinge. Kai ɗan wane gida ne?"

Na faɗi sunanka. Ya ce shi mutumin Bonkuku ne, kusa da mu, tun yana saurayi ya zo bai koma ba. Ya tambaye ni ko Garba dogo mai tabon ƙaho a hannun hagu. Na ce shi ne.

"Ɗaki guda muka kwana. Ni na riƙe buta da aka yi mishi wanka."

Na yi ƙarfin hali na tambaye shi zancen mata. Ya yi tsaki. Ya ce mutumin da ya sayar da shanunsa, ya ɗaure kayansa zai bi jirgin arewa, ciwo ya kayar da shi, wace mata? Ya ce wani Garba ne daban, ɗan Sanam, ya yi aure a nan.

Ya sa aka riƙe masa hannu ya raka mu maƙabarta. Ba alama, Baba. An binne wasu kan wasu. Ya ce tsakanin katanga da wani mangwaro ne, iyakar abin da zai iya rantsewa a kai ke nan. Na tsaya na yi wa duk wanda ke wurin addu'a. Rasaki ya cire takalmansa ya ɗaga hannu tare da ni, bai ce mini lokaci na tafiya ba sai da na shafa. Da gudu muka sami jirgin yamma.

Inna tana nan da rai, ko da yake ƙafa ta ƙi. Da na dawo Filinge na zauna a bakin tabarmarta na gaya mata komai. Ta saurara har ƙarshe. Abu ɗaya ta tambaya, ko mutane da yawa sun yi maka salla. Na ce Alhaji Shekarau ya ce sahu uku. Ta goge fuskarta da bakin zane, ta ce gobe a surfa hatsi a dama fura a kai masallaci, a kuma faɗa wa liman da babbar murya ta wane ne.

An kai, an kuma faɗa.

Allah ya jiƙan ka, Baba. Ya yalwata maka makwancinka a wannan ƙasa mai yawan ruwa, ya gafarta wa maƙwabtanka na can, ya haɗa ka da Inna a gidan da ba a rabuwa.

Ɗanka,
Isufu